Zaƙami: Dafi a Kan Juji, Magani a Hannun Likita

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya. Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Kiyako, da Kangire, da Sundimina, da Wurno, da cikin garin Birnin Kudu. Haka kuma mutanen Gwaram, da Sara, da Basirka, da Kila, da Fagam, duk ina yi muku fatan alheri. Iyayenmu mata da ke gindin murhu, manoma da kuka dawo daga gona, samari da ke zaune a majalisa, a ɗan matso kusa da rediyo, domin maganar yau ba ta bar kowa ba.

Ba na jin akwai wanda zai ce bai san zaƙami ba. Wasu kan kira shi haukata yaro, wasu kuma babba jibji. Da damina ta kankama sai ka gan shi ya tsiro a kan juji, ko cikin kango, ko gefen turken dabbobi, duk inda ƙasa ta sha taki. Ganyensa mai faɗi ne, in ka murza shi ka ji wani wari mai hawa kai. Furensa fari ne dogo, bakinsa a buɗe. Ɗansa kuma dunƙulalle ne kore, da gajerun ƙayoyi a jikinsa, in ya bushe ya tsage sai ka ga ƙananan ƙwayoyi masu kama da 'ya'yan barkono. Masana tsirrai suna kiran irin wanda ya fi yawa a ƙasarmu Datura metel, kuma tun a 1916 wani likitan Turawa mai suna Dalziel ya rubuta sunayensa na Hausa a littafinsa na tsirran ƙasar Hausa. Abin mamaki, dangi ɗaya suke da tumatir, da gauta, da yalo, da barkono, da dankalin Turawa, da taba.

To, wannan tsiro da muke tsallakewa a bayan gida, sinadaran da ke cikinsa su ne tushen wasu magungunan da ake ceton rai da su kullum a asibiti. Su ne kuma suke kwantar da samarinmu, wani lokaci har su kai su kushewa. Yaya abu ɗaya zai yi aiki biyu haka? Shi ne abin da za mu warware yau.

Tsiro ba shi da ƙafar gudu in an zo cin sa, saboda haka Allah Ya sanya wa wasu tsirrai makami a cikin jikinsu: wasu sinadarai masu ɗaci, masu ƙarfi, waɗanda masana ke kira alkaloyid. Da yawansu mun saba da su. Kafeyin da ke cikin goro yana hana mu barci, alkaloyid ne. Nikotin na taba, da kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, su ma haka. Zaƙami yana ɗauke da nasa: hayosayamin da hayosin, wanda kuma ake kira sikofolamin. Suna cikin saiwa, da ganye, da fure, amma 'ya'yan sun fi haɗari. Idan aka tatso hayosayamin daga tsiron aka sarrafa shi, rabinsa kan juya siffa, sai gaurayen ya zama abin da likitoci ke kira atirofin.

Ga ɗalibanmu na sakandare masu karatun kimiyya, ku riƙe wannan. Ƙwayar atirofin guda ɗaya an gina ta da zarrar kabon 17, da haidirojin 23, da naitirojin 1, da oksijin 3. Ta hayosin kuwa kabon 17 ce, haidirojin 21, naitirojin 1, oksijin 4. Bambancin kaɗan ne, amma wannan ƙarin oksijin ɗaya shi ke sa hayosin ya fi saurin kutsawa cikin ƙwaƙwalwa, ya kawo magagi da mantuwa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Mein, shi ya fara fitar da atirofin tsantsarsa a 1831, daga saiwar wani ɗan uwan zaƙami na ƙasashen Turai da ake kira beladona. A 1880 Albert Ladenburg ya ware hayosin, sannan a 1901 Richard Willstätter ya haɗa irin wannan sinadari da hannunsa a ɗakin gwaji. Kusan shekara 200 ke nan masana suna auna abin nan, suna gwada shi, suna koyon iyakarsa.

Yanzu mu shiga cikin jikin ɗan Adam. Akwai ayyuka da yawa da jikinka ke yi ba tare da ka ba shi umarni ba. Ba kai kake ce wa bakinka ya kawo yawu ba, ba kai kake ce wa fatarka ta yi gumi ba, ba kai kake tura abinci cikin hanji ba. Jijiyoyi ne ke kai saƙo ga gaɓoɓin, kuma suna kai shi ne ta hanyar wani sinadari mai suna asitilkolin. A 1921, a garin Graz na ƙasar Ostiriya, wani masani Otto Loewi ya ɗauki zukatan kwaɗi guda biyu, ya sa kowace cikin ruwan gishiri tana bugawa. Ya taɓa jijiyar ta farko da lantarki, bugunta ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma nan take ta rage bugu, alhali ba a taɓa ta ba. Da haka aka gane cewa jijiya wani abu take zubarwa. Wannan bincike ya sa shi da Henry Dale na Ingila suka sami lambar yabo ta Nobel a 1936.

Ku ɗauki asitilkolin a matsayin makulli, gaɓoɓin jiki kuma kowace da kwaɗonta. Makullin ya shiga kwaɗon baki, yawu ya zubo. Ya shiga na fata, gumi ya tsatso. Ya shiga na hanji, hanji ya motsa. Ya shiga na mafitsara, fitsari ya fita. A zuciya yana rage gudu, a ido yana tsuke ƙwayar ido, a ƙwaƙwalwa yana taimaka wa natsuwa da tunawa. Da ya gama aikinsa, akwai wani sinadari a jiki mai zare shi ya karya shi, don kada ƙofa ta zauna a buɗe. To, atirofin da hayosin sun yi kama da wannan makulli har suna iya shiga kwaɗon, sai dai ba sa buɗewa. Su shiga su toshe, makullin gaskiya ya zo ya rasa wurin shiga. Duk maganin da ke aiki ta wannan hanya, shi likitoci ke sa wa suna mai tare asitilkolin.

Wanda ya gane wannan, ya gane abin da ke samun wanda ya sha zaƙami. Mun sha jin yadda wasu marasa tsoron Allah ke niƙa 'ya'yansa su zuba a zoɓo ko kunun zaƙi a gidan biki. Bayan kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, sai ka ga saurayi yana ta lasar leɓe, bakinsa ya bushe ƙamas, yana neman ruwa amma haɗiya tana gagararsa. Taɓa jikinsa ka ji zafi rau, amma babu ɗigon gumi ko a hammata. Duba idonsa, baƙin tsakiyar ya buɗe ƙwarai, haske yana damunsa, ba ya iya ganin abin da ke kusa. Sa hannu a ƙirjinsa, zuciya tana ta dukan uku-uku. Mararsa ta cika ta yi tauri, fitsari ya ƙi fita. Can sai ya fara tsintar abin da babu shi a jikin rigarsa, yana magana da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba, yana tuɓe kaya, bai san mahaifiyarsa ba. Wannan hali kan kai kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, domin dafin ya tsayar da hanji, shi kansa ya daɗe bai fita ba. In ya farfaɗo, sau da yawa ba ya tuna komai.

Ba kowa ke farfaɗowa ba. A bazararmu, watan Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40, kuma gumi shi ne abin da ke sanyaya jiki. Mutumin da aka toshe masa gumi, yana ta fizge-fizge cikin rana, zafin jikinsa kan hau har ya yi jijjiga, ya suma, ya cika. Wani kuma cikin gushewar hankali ya faɗa rijiya, ko ya shiga gaban mota a kan titi.

Masu sauraro, za mu ɗan numfasa. In mun dawo za ku ji yadda wannan sinadari yake zama rahama.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda bai sami farkon shirin ba, muna magana ne a kan zaƙami da magungunan da aka samo daga irin sinadaransa.

'Yan uwana manoma, wannan ɓangaren naku ne. Magungunan feshi da yawa da muke amfani da su a gonar wake, da kayan lambu, da wanda muke kira fiya-fiya, da Sniper, suna kashe ƙwari ne ta hanyar lalata wancan sinadari mai zare makulli. In suka shiga jikin mutum haka suke yi masa. Makullai su taru, kowace ƙofa ta buɗe ta ƙi rufuwa. Manomi ya yi feshi da tsakar rana, babu takunkumi, babu safar hannu, tankin yana yoyo a gadon bayansa, iska tana dawo masa da feshin a fuska. Ya dawo gida kansa na sarawa. Sai yawu ya fara dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf, hawaye, amai, gudawa. Ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, bugun zuciya ya ragu, ƙirji ya cika da majina yana ƙara. Abin da ke kashewa ke nan: ruwan jikinsa ya cika masa huhu.

Kun lura alamomin nan kishiyar na zaƙami ne, ɗaya bayan ɗaya? Shi ya sa babban maganin wannan guba shi ne atirofin. Likita zai yi masa allurar ta jijiya, ya jira kamar minti 5, ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya ƙirga bugun zuciya. In bai ji ƙirji ya washe ba ya ninka, ya sake saurare, har sai majinar ta bushe, numfashi ya daidaita. Ƙaramar kwalbar allurar ba ta wuce miligiram 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram, kuma mai guba mai tsanani kan buƙaci kwalabe masu yawa. Atirofin yana cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata asibiti ya rasa ba. Saboda yawan rayukan da irin wannan guba ta ci, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantunan kayan masarufi.

A nan ina roƙon ku da babbar murya: kada wani ya ji wannan bayani ya ce zai jiƙa zaƙami ya ba wanda maganin feshi ya kama. Wanda ya yi haka ya haɗa masa guba biyu.

Amfanin atirofin bai tsaya nan ba. A ɗakin tiyata ana ba da shi don a rage yawu da majina, ko a ɗaga bugun zuciyar da ya yi ƙasa. A asibitin ido ana ɗiga shi don a buɗe ƙwayar ido, ko a hutar da idon da ya kumbura daga ciki, kuma aikin ɗigon kan kai mako ɗaya ko biyu kafin ya sake. Saboda haka ba maganin jan ido ba ne da za a ara daga maƙwabta.

Akwai kuma Buscopan, ƙwayar murɗawar ciki da kusan kowane kemis ke sayarwa. Daga hayosin aka yi shi. Wani kamfanin Jamus, Boehringer Ingelheim, ya fito da shi a farkon shekarun 1950, kuma ana noma wata bishiya mai suna Duboisia a Ostireliya musamman don a samo sinadarin. Dabarar da masana suka yi ita ce, sun liƙa wa naitirojin ɗin nan guda ɗaya wani ƙarin reshe, ƙwayar ta yi caji, ta kasa ƙetare shingen da ke kare ƙwaƙwalwa. Sai ya zama tana kwantar da hanji ba ta taɓa hankali. Irin wannan dabara aka yi wa atirofin aka sami ifiratirofiyom, maganin shaƙa na masu asma da ciwon huhu mai daɗewa. Kakanninmu sun san hayaƙin busasshen ganyen zaƙami yana buɗe ƙirjin mai fuka, mutanen Indiya ma sun sani, har Turawan Ingila suka koya daga gare su suka riƙa naɗa shi kamar sigari a ƙarni na 19. Abin da suka gani gaskiya ne. Abin da ba su da shi shi ne awo, da hanyar raba amfanin da cutarwar.

Awo shi ne zancen duka. Ƙwayar Buscopan ɗaya miligiram 10 ce, yau da gobe, a Birnin Kudu ko a Legas. Zaƙami kuwa ƙarfinsa ya danganta da ƙasar da ya tsiro, da ruwan da ya samu, da shekarunsa, da ɓangaren da aka ɗiba. Wanda ya tsiro a jujin gidanku daban, na bakin rafi daban. Abin da ya sa wani maye jiya, shi zai kashe wani gobe. Iyayenmu masu maganin gargajiya, muna girmama saninku, kuma saboda wannan girmamawa muke roƙonku: kada a ba mutum zaƙami ya sha, kada a haɗa shi cikin jiƙo ko gari.

Ko na asibitin ma yana da ƙa'ida. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita saboda kumburin mafitsara ta maza, irin waɗannan magunguna na iya toshe shi gaba ɗaya. Mai hawan jinin ido, wato gilakoma, suna iya tayar masa da ciwon. Ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi ko amai, kada a rufe shi da Buscopan a kwanta, domin yana iya zama abin da ke buƙatar tiyata. Mai naƙuda kuma kada a yi mata kowace allura a gida da sunan saurin haihuwa. Sannan ga ƙwayar Exol da wasu matasa ke sha, wadda hukumar NDLEA ke yawan kamawa. Ba daga tsiro aka yi ta ba, an haɗa ta ne don masu ciwon karkarwar jiki da masu shan wasu magungunan taɓin hankali, amma kwaɗon da zaƙami ke toshewa shi take toshewa. Mai shan ta don maye, hanyar mai shan zaƙami ya bi.

Wani abin alfahari, makarin dafin zaƙami daga ƙasarmu ya fito. A yankin Kalaba akwai wani wake mai guba da mutanen Efik ke kira esere, wanda a da suke ba wanda ake tuhuma da maita. A 1864 masana a Jamus suka fitar da sinadarinsa, fizostigmin, sannan Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya nuna cewa shi da atirofin kowane yana karya ɗan uwansa. Har yau likitoci kan yi amfani da shi ga wanda irin wannan dafi ya yi wa tsanani, cikin taka-tsantsan, domin shi ma guba ne in ya wuce kima.

Akwai wata hanya kuma da zaƙami ke shiga gida ba a gayyace shi ba, ita ce ta hatsi. A 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, garin kunun agaji da aka raba ya gauraya da 'ya'yan wani nau'in zaƙami tun daga inda aka sarrafa shi. Kimanin mutum 300 suka kwanta, 5 suka rasu. Mu da muke noman gero, da dawa, da riɗi, da wake, mu tuge shi daga gona da bakin masussuka tun bai yi 'ya'ya ba. Wanda ya tuge ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci, kuma kada a ƙone shi inda mutane za su shaƙi hayaƙin. Iyaye mata, a lura da yara masu wasan 'yar girki a bayan gida.

To, in abin ya riga ya faru fa? Wanda ake zaton ya sha zaƙami, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa a yi masa fifita. Kada a ɗaure shi a rana, kada a doke shi, kada a bar shi shi kaɗai. In ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai. Sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa shi, a zauna ana jira har lokaci ya ƙure. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Wanda maganin feshi ya kama kuwa, a cire masa kayan da ya yi aiki da su, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankewar ya kare hannunsa. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. Dukansu biyu a garzaya da su asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfin asibitin za a tura su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A tafi da kwalbar maganin, ko ragowar abin shan, ko reshen tsiron. Kuma a gaya wa likita gaskiya, domin kun ji maganin wannan shi ne gubar wancan. Ɓoye gaskiya don gudun abin kunya yana iya sa a rasa rai.

Samari, kalmata ta ƙarshe gare ku take. Wanda ya zuba wa mutane zaƙami a abin sha, guba ya ba su, ko da ya kira shi wasa. In rai ya salwanta, yana wuyansa a gaban hukuma da gaban Allah. Hankali amana ce, kuma malamanmu sun yi ittifaƙi a kan haramcin duk abin da ke gusar da shi. Masu unguwanni, limamai, shugabannin matasa, ku ɗauki wannan magana ku kai ta masallaci da majalisa da gidan biki. Masu biki, ku sa amintaccen mutum a kan abin sha tun daga haɗawa har rabawa. Rigakafi ya fi magani.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a gonakinmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Taken rufe shiri)